Ƙwayar Asibiti a Turmin Inna

Hajiya Sa'ida, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Ki kuma yi haƙuri da wannan rubutu nawa mai kama da tonon kaza. Ba rashin iyawa ba ne, na yi makaranta daidai gwargwado, yatsun ne ba sa riƙe biro yadda ya kamata. In kin ga ja-ja a gefen takardar kada ki tsorata, lalle ne. A kan yatsun nan ne ma na rubuto miki.

Ni mai koko ce a Yakasai. Ba yabon kai ba, daga lungunmu har bakin Kasuwar Rimi an san kokona. Ni ke jiƙa gerona, in wanke, a kai inji da citta da kanumfari, in tace da hannuna. Ba na yarda kowa ya sa mini hannu a tata, don a nan koko ke gyaruwa ko ya lalace, haka mahaifiyata ta koya mini tun ina 'yar mitsitsiya. Maƙwabciyata, bari in kira ta Dije, ita ke suyar ƙosai, duk wanda ya shigo gidana da kwano sai ya leƙa nata. Da wannan sana'a nake rufa wa kaina asiri. Maigidana malamin firamare ne, mutumin kirki, amma kin san albashin malamai, yana zuwa ne in ya ga dama.

Ciwon ya fara ne bara da damina. Tsakanin yatsuna ya yi fari ya jeme kamar cin ruwa, ga ƙaiƙayi kamar in yanke hannun in yar. Daga nan gindin farcen ya kumbura ya yi ja, farcen kansa ya dushe yana neman ɗagowa. Na aika kemis aka kawo mini wasu ƙwayoyi, na sha kwana biyu ya lafa, na ajiye sauran. Dije ta shigo tana kukan ƙafarta na ƙaiƙayi, na ɓallar mata rabi, don mu a lungunmu ko gishiri ba a hana maƙwabci balle magani. Ciwo ya dawo, na sake aikawa, na sha ya lafa, na sake ajiyewa. Haka muka yi ta wasan ɓuya da shi har aka kai inda zan sha ƙwayar ko gezau ba ya yi.

Da Malam, maigidan nawa, ya matsa na je asibiti. Wata likita mace, mai fara'a, ta kankari wurin aka kai ɗakin gwaji. Da sakamako ya fito ta ce wata ƙwayar cuta ce dangin yis, irin wanda ake zuba wa fanke ya tashi. Na ce a raina ikon Allah, ni da ko fanken ba na yi. Ta ce shan da na yi ta yi ina dainawa ne ya sa cutar ta saba da maganin, yanzu ba ta jinsa. Ta canja mini wani mai ɗan karen tsada, ta ce in riƙa haɗiya har ya ƙare ko da na ji sauƙi, in kuma rage sa hannu a ruwa. Mai koko fa, Hajiya! Kamar ki ce wa marini ya daina taɓa baba ne. Na dai ce to.

Yanzu bari in kawo ki inda gizo ke saƙar. Innata tana zaune a Ƙofar Mazugal, kuma ta san itatuwa, sani na gaske. Matan unguwarsu wurinta suke zuwa neman jiƙo da turare da abin wankan jego. Ita a wurinta asibiti wuri ne da ake kai mutum in an gaji da shi. Shi kuma Malam, jiƙe-jiƙen Inna a wurinsa shaci-faɗi ne kawai. Amma da yake surukai ne, ba su taɓa musayar kalma mara daɗi ba. Zai tsuguna a ƙofar ɗaki kansa a ƙasa ya gaishe ta, ita kuma ta kau da kai ta amsa a daƙile. Duk yaƙin ta kaina yake bi. In yaro ya yi zazzaɓi ta ce in gaya wa mai biron nan kada ya kai mata jika a tsattsaga shi da allura. Shi kuma ya ce in lallaɓa in zubar da ruwan saiwar nan kafin ya dawo daga makaranta. Tun haihuwar fari nake wannan aike, ina ragewa a hanya, ina sa wa magana zuma kafin in isar. Na gaji, amma na saba.

Ana nan sai wata rana Malam ya ji wani shiri a rediyo. Wani malamin jami'a ne aka yi hira da shi, yana bayanin cewa a ɗakin bincikensu suna haɗa abin da suka tatso daga tsirrai, irin su kanumfari da tafarnuwa, da maganin asibiti, sai irin wannan cutar da ta yi taurin kai ta saduda. Malam ya shigo gida yana washe baki kamar wanda ya ci zaɓen kansila. Ya ce tunda sojoji sun koma bariki, ga 'yan siyasar da suka gama zagin juna a kan lasifika suna cin tuwo a kwano ɗaya, ba dalilin da zai hana asibiti da gargajiya su yi ƙawance. Na ɗauka wasa yake. Sai ga shi ya ɗauko babbar rigarsa ta Juma'a, ya sayi goro fari ƙal, ya tafi Mazugal da ƙafarsa ya shaida wa Inna cewa jami'a ta tabbatar da aikinta. Inna ta ce ita ta san da haka tun ba a aza tubalin jami'ar ba, amma dai ta karɓi goron.

Ga abin da gwamnatin haɗakar tasu ta zartar. Malam zai kawo ƙwayar da likita ta ba ni. Inna za ta jefa ta a ɗan turminta tare da lalle da bagaruwa da kanumfari da ɗanyar tafarnuwa, ta daka, ta kwaɓa. Da na gama sayar da koko da hantsi sai ta yi mini ƙunshi a yatsun, ta naɗe da leda, ta ɗaure da tsumma, sannan ta zura hannun a zungurunta na lalle da take ajiye da shi tun aurenta, wai kada ƙarfin maganin ya fita. Ba a kwancewa sai la'asar, lokacin kuma wankin gero ya yi. Hujjarsu ita ce ciwo a yatsa yake, to me zai sa a bi da magani ta ciki? Malam har da misali irin na aji, wai kamar mai son zuwa Rimi daga Yakasai ne ya bi ta Zariya. Inna ta yi dariya har da riƙe ciki, karo na farko da na ga ta yi dariyar maganarsa. Tun daga ranar ko ƙwaya ɗaya ba ta wuce maƙogwarona ba.

Da farko ƙaiƙayin ya yi sanyi, hannu ya yi jawur gwanin sha'awa, ba mai ganin komai. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In aka kwance ledar yatsun kamar geron da ya kwana a ruwa, sun yi fari sun yamushe, ga raɗaɗi. A da yatsa biyu ne, yanzu ciwon ya kusa cinye hannun dama. Wata ta tambaye ni ko na fara sa tafarnuwa a koko ne. Wata kuma ta tsaya tana kallon hannuna a kan ludayi, ta ce ta manta kuɗi a gida, ba ta dawo ba har yau. Daga baya Dije ta kawo mini abin da ake raɗa a lungu, kalmar da ko rubuta ta ba na son yi, wai kuturta. Wallahi ranar na yi kuka. Tukunyar da ke ƙarewa kafin rana ta yi zafi yanzu awaki ke shan rabinta, ƙosan Dije ma yana kwantai, kuma ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Na koma wurin likita da sabon lallena, don ba zan fita da hannu haka a gan ni ba. Ta jujjuya yatsun, ta ce lallen ya hana ta gani sosai, ta tambaye ni ko ina shan maganin. Na gyaɗa kai. Baiwar Allah ta ce in wannan ma ya ƙi ci to abin ya yi nisa, wataƙila sai an cire farcen an koma wani magani mai ƙarfi. Ta ce in dawo ƙarshen wata.

Za ki ce me ya hana ni magana? Hajiya, ba ki ga gidana yanzu ba. Duk ranar da ba makaranta Malam na zaune a tabarma daga bakin ƙofa, Inna na daka daga ciki, suna hirar tsadar taki da ko farar hula za su gyara famfon unguwa. Ranar nan dambu ta zo masa da shi, ta ce a ajiye wa ɗanta. Ɗanta! Na shiga madafi na share hawaye. In na ce abin nan ba ya yi, Inna za ta ce ƙwayarsa ce ta lalata mata haɗi, shi kuma ya ce saiwoyinta ne suka kashe masa ƙwaya, in koma 'yar aike har ƙarshen rayuwata. In na yi shiru kuma, farce zai tafi, sana'a ta bi shi. Gaba kura, baya sayaki.

Shin abin da aka faɗa a rediyon gaskiya ne, haƙuri kawai ya rage in yi? Ko kuwa mun yi gudun gara ne mun faɗa gidan zago? Kuma da wane baki zan gaya wa likita? Ki taimaki 'yar'uwarki, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Taki, Mai Koko, Yakasai.

Wa alaikis salam, Mai Koko. Na yi dariya a wurin hanyar Zariya, ba zan ɓoye miki ba, amma da na zo kan awaki da rabin tukunya dariyar ta tsaya. Bari in fara da abin da ya sa ki kuka. Likita ta kankara, ta gwada, ta faɗa miki sunan ciwonki, kuma ba abin da ake raɗa ba ne. Ciwon masu yawan sa hannu a ruwa ne, masu wanki da masu wanke-wanke suna fama da shi. Ki gaya wa Dije haka, ita ta san kunnuwan da za ta zuba wa.

Da yake ni ba likita ba ce, na ɗauki wasiƙarki na kai wa wata ƙawata da ke koyar da ilimin haɗa magunguna. Ta ce Malam bai ji ƙarya ba. Gaskiya ne masu bincike na gwada wannan haɗi. Cutar da aka saba mata da magani kaɗan-kaɗan kan mage ne ya waye, ta koyi kare kanta, kuma an ga wasu sinadaran tsirrai na raunana mata garkuwa har maganin ya samu shiga. Sai dai Malam ya ji farkon labarin ya ruga neman goro. Su can sinadari guda suke tacewa daga tsiro, su auna shi da ma'aunin da ya fi na masu gwal laushi, su gwada a kan cutar a cikin ɗan farantin gilashi. Wani haɗin ya taimaka, wani bai yi komai ba, wani ma ya kashe wa maganin kaifi. Tsakanin farantin nan da yatsan mutum akwai sauran gwaji mai yawa, kuma ba a gama ba.

Kada ki raina Inna a kan wannan. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma masu binciken nan wurin irinta suke zuwa tambayar sunayen itatuwa. Kada kuma ki raina Malam. Namijin da zai sa rigar Juma'a ya je ya ce wa surukarsa ta yi gaskiya ba a kowane lungu ake samunsa ba. Amma su biyun sun yi kuskure, kuma kuskuren a kan hannunki yake sauka.

Ƙwayar da aka ce a haɗiye an yi ta ne don ta narke a ciki, jini ya ɗauke ta ya kai ta ƙarƙashin farce, inda cutar ta yi gida. Ki ce wa Malam a wannan tafiyar hanyar Zariyar ce kaɗai ke da kwalta. In aka daka ta aka shafa a fata, gari ne kawai mai tsada. Ɗanyar tafarnuwa kuma tana ƙona fatar da ta riga ta jeme, kin kuwa san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Babban mai laifin dai ita ce ledar. Ke da kanki kika ce likita ta kira cutar dangin yis. To ki tambayi kowace mai fanke yadda take yi in tana son ƙullinta ya tashi: ta jiƙa shi, ta rufe ruf, ta ajiye a wuri mai ɗumi. Da safe hannunki na cikin ruwan tata, da rana yana cikin leda da zunguru, da yamma ya koma wankin gero. Kiwon cutar kuke yi ku uku, da zuciya ɗaya.

Ga albishir a cikin wannan duka. Maganin likita bai gaza ba, ba a ma gwada shi ba. Ita tana can tana tunanin cire farce ne saboda gyaɗa kan da kika yi mata, don haka da alama farcenki yana da sauran kwana in ta ji gaskiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kada ki jira ƙarshen wata, ki koma a wannan makon, kuma kada ki sake sabon lalle, hannun take son gani ba adonki ba. Ki faɗa mata komai har zungurun. Ina tabbatar miki ta ji abin da ya fi wannan, in ta yi faɗa na minti kaɗan ne. Ki tafi da kayan Inna, kowanne a ƙullinsa, ki tambaya ko akwai wanda za a iya wanke hannu da shi a tsane ba tare da ya yi karo da magani ba. In ta ce akwai, madalla. In ta ce a dakata, a dakata. Kada dai ki sha wani jiƙo a kan ƙwayar sai da saninta, don hanta ɗaya gare ki kuma ita ke ɗaukar nauyin duka. In kina da juna biyu ko kina shayarwa ki faɗa tun kafin ta ɗauki biro. Ki kuma roƙa a gwada miki suga, ƙawata ta ce ciwon da ke yawan dawowa irin haka yakan sa a duba, ruwa ba ya tsami banza. Dije ma ta kai ƙafarta a gani. Ku ci gaba da ba juna gishiri da garwashi, amma magani na mai shi ne har ƙwayar ƙarshe.

Saura batun ruwa, kuma a nan ke ce mai taurin kan. Kin ce ba kya yarda kowa ya sa miki hannu a tata, a layi na gaba kuma kika ce Inna ce ta koya miki. To ga malamar taki nan tana keto gari kullum daga Mazugal don ta daka miki lalle. Ki karɓe taɓaryar ki miƙa mata abin tata da ludayi na ɗan lokaci. Kokonki ba zai canja ba, mai yiwuwa ma ya fi, masu kwano kuma za su dawo. In ya zama dole ki taɓa ruwa, ki sa safar hannu ta roba, ki cire da kin gama, ki tsane tsakanin yatsun sarai. Shi kuma Malam a ba shi ma'aikatar ƙwaya. Ya riƙe ta, ya miƙo miki a kan lokaci da ruwa a kofi, ya tsaya har ki haɗiye, aikin da malamin firamare ya fi kowa iyawa. Kin ga ƙawance bai rushe ba, garambawul kawai aka yi.

Amma kada ki gaya musu ɗaya bayan ɗaya. Wannan aiken da kike yi tun haihuwar fari, kina ragewa a hanya, shi ya sa kowannensu bai taɓa jin muryar ɗan'uwansa ba sai ta bakinki. Ki ajiye shi. Gobe da hantsi in yana gida, yana kan tabarmarsa tana gaban turminta, ki wanke hannun ki shimfiɗa shi a tsakaninsu, ki ce yana ƙaruwa, kuma likita na maganar cire farce. Ba sai kin ce laifin wane ba ne. In da hali ku tafi asibitin ku uku, su ji daga bakin likita.

Kina tsoron in aka ɗauke turmi sulhu zai bi shi. Ni ban ga haka ba. Shekara da shekaru ga goro a kasuwa, ga hanyar Mazugal a buɗe, bai je ba, ita ma ba ta kawo dambu ba. Sai da hannunki ya kumbura sannan Malam ya sa riga, ita kuma ta karɓi goronsa. Mutanen da suka haɗiye girman kansu saboda yatsunki ba za su so ki rasa farce don su ci gaba da hira ba, kuma ranar da suka gane kin yi shiru saboda su, ranar ce za su ji ciwon da ya fi na kowace gardama. Ki nuna musu hannun.

Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa tukunya ta koma ƙarewa kafin hantsi, Ya ƙara wa Inna da Malam zumunci. In kin warke ki yi lallenki na ado son ranki, ki aiko mini da koko da ƙosan Dije, amma ban da tafarnuwa.

Hajiya Sa'ida